Sunan da Ke Kan Allon Shago

Jikar tsohon tela ta binciko ma'anar sunansa a wayarta, ta karanta masa a shago: "Abin da aka yar."

Keken ɗinki ya tsaya. Shekara sittin yana amsa sunan nan, shi ne ma a rubuce kan allon ƙofa. Maigidansa ne ya raɗa masa, wani baƙon tela mai wani yare daban, wanda ya ɗauke shi yana maraya. Da bakinsa ya ce masa ma'anarsa "jarumi".

"Ashe shara ya maida ka, Baba," in ji ɗan tsohon, rai a ɓace. "Gobe mai fenti zai zo ya goge."

"Tsoho, kar ka haɗiye allura, ban gama ba," jikar ta ce. Ta ci gaba da karantawa: a ƙasar maigidan, wanda 'ya'yansa ke mutuwa shi ke sa wa ɗan cikinsa irin sunan, don mutuwa ta raina yaron ta wuce.

Tsohon ya tuna ƙananan rigunan yara uku a ƙasan akwatin maigidan, waɗanda bai taɓa sayarwa ba. Ya tuna ranar da zazzaɓi ya kusa kai shi lahira, mutumin ya tsaya bakin ƙofa yana ta ƙwala sunan, kamar mai gaya wa wani.

"Wane suna za a rubuta, Baba?" in ji ɗan.

Tsohon ya taka keke.

"Ba wanda zai taɓa allon nan."