Ɗigo Uku a Ƙarƙashin Makulli

"Wane mahauci ne ya taɓa begilar nan?"

Ottokar, tsohon mai gyaran kayan busa, ya ɗaga ta saitin taga. Begila ce ta jan ƙarfe mai makullai bakwai da ake dannawa da yatsa, ta haura shekara ɗari biyu, ƙirar kakan kakansa a nan garin Markneukirchen na Jamus. Wani ya lafta mata dalma kamar mai liƙe tukunya, makulli na uku kuma ya karkace yana fitar da iska.

"Wani baƙo ne," in ji matarsa Gertraud. "Ajiye ta, tsoho, miyar dankalinka na hucewa."

"Baƙo? Sai na tona masa asiri a gaban duk maƙeran garin nan!"

Kowane mai gyara yakan bar alamarsa a ƙarƙashin makullin da ya taɓa. Ottokar ya kwance makulli na ukun, ya kanga gilashi a ido.

Ɗigo uku a jere, sababbi fil. Alamarsa ce, wadda ya shekara hamsin yana yi.

Ya sauke gilashin.

"Gertraud, na taɓa yi miki wannan tambayar?"

Ta karɓi begilar a hankali.

"Yau kwana huɗu ke nan kana yi mini ita. Kullum kuma sai ka kama mahaucin."