Dutsen Niƙan da Ruwa Ke Juyawa

Wata mata ce ta rasa miji, ta rasa wani kaso na ruwanta, ta samu maƙwabta.

Mijin ya bar mata ɗakin niƙa a gindin tsauni, irin wanda ruwa ke juya dutsensa. An datse rafi daga sama, an jawo ruwan ta doguwar kwata, yana zubowa kan wata babbar ƙafar katako mai cokula. Cokulan na cika, ƙafar na juyawa, tana murɗa gungumen da ya ratsa bango, shi kuma yana juya ɗan dutse a kan uwarsa. Dawa ta shiga ta sama, gari ya fito ta gefe. Da wannan take ciyar da marayunta.

Tana fita takaba, manoman albasa na fadama suka zo roƙon ta riƙa sakar musu ruwa da rani. Ta ce ruwan mijinta ba na sadaka ba ne. Suka taya da kwandon albasa, ta ce albarka. Suka ƙara da damin dawa, ta ce albarka. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Gani take in ta sassauta yau, gobe ɗakin za su nema. Abin da ba ta lura da shi ba, duk ƙarshen damina mutanen nan ne ke zuwa gayya su yashe kwatar, marigayi ya shayar da su fura. Bana ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Yashi ya cike kwata, ruwa ya tsaya. Ta ɗauki fartanya ta yi ta haƙa har tafin hannunta ya yi bororo, aikin ko gezau. Katakon ƙafar da ya saba da jiƙa ya bushe a rana, ya fara tsagewa. Matan gari suka koma durƙuso kan duwatsunsu, ita kuwa tukunyarta ta kwana babu wuta.

Ta yafa mayafi ta gangara fadama. Ko a can sai da ta ja. Suka ce yini nasu, yini nata, ta girgiza kai. Ta dubi dattijonsu ta ce, "Baba, daga asuba zuwa azahar ruwa naku, saura nawa. Yasar kwata da gyaran ƙafa a wuyanku. Kwandon albasar nan ma ban yafe ba. A haka na sallama." Suka amince.

Hausawa sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.