Gwajin Maƙwabta

"Kashe motar, ka buɗe gabanta," in ji matata.

Unguwa ta biyar ke nan yau muna neman gida. Saura kwana huɗu mu tashi daga gidan haya, yara sun galabaita a kujerar baya. Ita kuwa ba ruwanta da ɗakuna. Sai ta sa in yi kamar motar ta mutu, ta ga ko wani zai kula. Tun ranar da Innata ta faɗi, matata ta yi ta ihu ba maƙwabcin da ya leƙo, ta rantse sai ta gwada mutane kafin ta zauna cikinsu.

A unguwanni huɗu ko sannu ba mu samu ba.

Nan kuwa wani tsohon bakanike ya taso daga shagonsa. Kunya ta kama ni.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Gwada ku muke yi."

"Ai na gane," ya ce, yana nuna ƙasan motar. "Amma abin da ke ɗiga ɗin nan man birki ne. Da kun kai gangaren can, ba za ta tsaya ba."

Matata ta rungume autarmu.

"Kira dillali," ta ce. "Ko ɗaki ɗaya ne a layin nan."