Mai Gaisuwa a Bakin Ƙofa

Ranar da ta fara kai masa abinci wurin aiki, a bakin ƙofa ta tarar da mijinta, zaune cikin kekensa na guragu yana kallon titi.

Tun da mota ta kaɗe shi a kan babur ƙafafunsa suka mutu, ita ta riƙe gidan. Da ya tafi Dapaong koyon gyaran waya, ƙosai ta riƙa soyawa da goyo a baya, har ya dawo Sokodé da sana'a a hannu. Da wani kamfani ya ɗauke shi aiki, sai ta kife kasko ta yi hamdala.

"Maigida, ina teburin aikinka?"

Ya nuna matakala. "Masu gyara suna sama. Patiron, mai wurin, ya ce in zauna nan, baƙi su ga kamfanin na ɗaukar irinmu."

"To me kake yi?"

"Gaishe su nake." Ya sunkuyar da kai. "Albashi dai yana zuwa. Don Allah kar ki ce komai."

Ta tuna hayaƙin suyar ƙosai da ke sa 'yarta da ke goye tari. Sannan ta hango jakar kayan aikinsa a ƙarƙashin keken, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta.

Ta kwance goyon ta ɗora masa a cinya, ta juya keken.

"Ina za mu? Ba a tashi ba."

"Kasuwa. Wayar mai tumatir ta mutu tun jiya. Mai gyara take nema, ba mai gaisuwa ba."