Idon Alƙalin Wasa

Ƙwallo ta daki sandar raga, ta dira kan layi, ta dawo. Duk jama'ar filin da ke gindin dutsen Fuji suka juya ga alƙalin wasa.

"Alƙali, ta shiga?" in ji kyaftin ɗin 'yan sakandaren da suka buga ƙwallon. "Shekararmu ta ƙarshe ce fa!"

Shi kuwa alƙalin, gogan naka, ba da ƙwarewa ya samu busa wasan ƙarshe ba. Shekara da shekaru yana rusunawa, yana ɗaukar wa shugaban alƙalan wasa jaka, yana tsiyaya masa giyar shinkafa, har aka tsallake gwanaye aka miƙa masa usur.

To me zai ce wa yaro? Sanda ƙwallon ta dira, idonsa na rumfar manya. Shayin shugaba ya ƙare a kofi, kuma ba wanda ya tashi ya ƙara masa.