Kwana Uku Bayan Cire Jakar

Kwana uku da yi mata tiyatar mayar da hanji, Kabula ta buɗe ido ta ga saurayinta Masanja tsaye a bakin gadonta a asibitin Mwanza, riƙe da kwanon tuwon masara da soyayyen kifi. Wata bakwai rabonta da shi, tun ranar da ya ga jakar bayan gida manne a cikinta ya ce bari ya je ya dawo.

"Sannu da jiki, Kabula. Ga abinci na kawo miki."

"Ko kunu ba a ba ni ba. Sai na yi tusa, likita ya san hanjin ya farka." Ta kafe shi da ido. "Wa ya gaya maka an cire jakar?"

"Mama ce ta ji a coci. Ta ce yanzu a kora shanun aure gidanku." Ya gyara riƙon kwanon. "Wato, ni ma haka na ce."

"Idan ɗinkin bai kama ba fa? Mayar da jakar za a yi."

Idonsa ya sauka kan zanen da ya rufe cikinta, ya daɗe a wurin. "Ai zai kama."

Sai ga tusar, doguwa mai ƙara. Tsohuwar da ke gadon kusa ta rangaɗa guɗa, nas ta taho tana tafi. Masanja kuwa ya ja da baya, hannu a hanci.

Kabula ta yi dariya har ɗinkin ya soke ta.

"Ɗauki kifinka, Masanja. Kwana uku ita nake jira, ba kai ba."