Hannun Baba a Gwiwata

Ina aji uku Baba ya kai ni ganin wani tsohon gidan sarauta a hanyar Doma. Muka tuɓe takalma, muka sunkuya ta wata 'yar ƙofa. Zauren ba taga, sai duhu da warin kashin jemage. Dattijon da ke kula da gidan ya shiga lissafo sarakunan da, ga fitsari ya matse ni. Na yunƙura, Baba ya danne min gwiwa.

"Ba a tashi sai an sallame ka," ya raɗa min.

Ina kallon hasken ƙofa har wandona ya jiƙe.

Baba ya rasu tuntuni. Amma har yau in babba na magana, ko gidana ke ci da wuta, hannun nan na kan gwiwata.